Naman Baba Kuku da Taɓon Ƙasan Teku

Ranar da abin ya faru iska ta kwanta ɗif, sama ta yi fari fat, sanyi kuwa irin wanda ke sa haƙoran mutum ciwo in ya buɗe baki. Jirgin yana tsaye can ƙarshen duniya, inda duwatsun ƙanƙara ke yawo a kan teku, ba gari, ba bishiya, ba ko ciyawa.

Baba Kuku shi ne mai dafa abincin jirgin. A kicin ɗin jiragen ruwa ya yi furfura, na kaya da na masunta, kafin Allah ya kawo shi wannan na masu bincike. Tun yana yaro mai ƙyanƙyami ne. Mahaifiyarsa kan ce ko nono sai ya sunsuna kafin ya kama. Tsumman goge tebur daban, na tukunya daban, na hannu daban, wanda ya haɗa masa su kuwa ya sayi gaba. Ma'aikatan jirgi suna tsokanarsa, amma ba wanda cikinsa ya taɓa ɓaci a hannunsa, kuma da wannan yake taƙama.

Masu binciken ne ya kasa gane kansu. Mutane da iliminsu, su wuni suna zura bututu ƙasan teku, su jawo shi cike da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su kewaye shi suna murna kamar an yi musu haihuwa. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Dakta, da idonsa ya ga ta lakato taɓon, ta murza, ta kai hanci, daga nan ta wuce ɗakin cin abinci ta ɗauki burodi.

Ta taɓa zama ta yi masa bayani, don tana ganin girmansa. Ta ɗauki tire ta karkata shi.

"Baba, ka ga bakin ƙasar nan gangare ne a ƙarƙashin ruwa, kamar haka. In saman teku ya daskare, gishirin sai ya rage a ruwan da ke ƙasa. Ruwan ya yi nauyi, ya gangara can zurfi, ya kama hanya zuwa sauran duniya. Ruwa mai ɗumi kuma, wata guguwa ce a cikin teku take murɗo shi, ta hauro gangaren da shi, ya je yana cin ƙanƙara ta ƙasa. Tarihin duk wannan yana cikin taɓon nan. Ka ga yadda guguwar take yi."

Sai ta tsoma yatsa a kofin shayinsa ta juya.

"Na gani, 'yata," in ji shi. Tana fita ya zubar da shayin, ya tafasa kofin.

To, a ranar nan mai sanyi injin ɗakin ƙanƙarar da masu binciken ke ajiye taɓonsu ya mutu murus. Makaniki ya duba ya ce sai an koma gida. Ba a jima ba sai ga Kyaftin da Dakta a ƙofar kicin.

"Baba, za ka ba su rabin ɗakin sanyinka," in ji Kyaftin. "Su sa kayansu gefe, namanka gefe."

"Wane kayan, ranka ya daɗe?"

"Taɓon da kwalaben ruwan tekun da muka ɗebo," in ji Dakta. "In suka narke, wahalarmu duk ta tashi a banza. A ƙulle suke cikin leda, ledar cikin akwati. Wallahi ba abin da zai taɓa naman."

"'Yata, kashi ko a kwalba aka toshe shi, sunansa kashi."

Kyaftin ya ɗaure fuska. "Ba shawara nake nema ba."

Baba Kuku ya ƙura wa farcen Dakta ido. Can ya ce, "Su ɗauki ɗakin duka. Ni zan fitar da namana. Waje ai duk firji ne."

A lissafinsa, naman zai zauna a sanyin waje, a riƙa ci, kafin jirgi ya shiga ruwan ɗumi ya soye ragowar ya adana. Ya naɗe kowace cinya a farin ƙyalle, ya sa aka kai bayan jirgi, ya lulluɓe da tamfol, ya ɗaure tamau. Dogo, mai kula da igiyoyin jirgin, yana taya shi yana dariya.

"Tsoho, ka yi wa saniya likkafani, saura salla."

"Ja igiyarka, marar kunya. Ka wanke hannun nan kuwa?"

Kicin ya sani, bai san tsuntsayen wurin ba. Da gari ya waye ya fito da wuƙarsa, sai ya tarar da su, manya-manya, masu ƙugiyar baki, irin masu cin mushe. Sun yage tamfol, sun yayyaga ƙyallen, sun zura kawunansu cikin naman har wuya. Kashinsu fari da kore ya malale ko'ina. Da ya ɗaga hannu zai kore su, wani ya feso masa aman mai, mai ɗoyi, a gaban riga.

Dogo ya zo da gudu da tsintsiya. Bayan sun watse ya duba ya ce, "Haba, ai da saura. A yanke saman, a wanke da ruwan zafi. Wuta ba ta bar komai ba."

"Kai za ka ci?"

"Ni? Har in nemi ƙari."

"To ba daga tukunyata ba."

Ya ɗaga cinyar farko ya jefa teku. Ma'aikata suka taru suna salati, wani na roƙo, wani na zagi. Bai tsaya ba, sai da bayan jirgin ya zama wayam. Ya cire rigar ita ma ya bi naman da ita.

Daga nan har gida shinkafa ce da waken gwangwani, safe da yamma. A ɗakin cin abinci in ya shigo sai wani ya yi kukan saniya. Dogo kan ɗaga cokali ya ce, "Tsoho, yau ma tsuntsaye sun gaishe ka, sun ce Allah ya ƙara arziki." Dakta ce kaɗai ke cinyewa ta yi godiya, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Duk lokacin da ya wuce ƙofar ɗakin sanyin, ya san abin da ke kwance a kan katakon da ya goge da hannunsa, sai ya kauda kai ya ƙara sauri.

Da suka iso tasha, Kyaftin ya kira shi gefe.

"Baba, da ka yarda da rabi, da kowa ya ci nama. Ka je ka huta."

"Da kowa ya ci ƙazanta, ranka ya daɗe."

Ba a sake kiransa ba, shi ma bai je neman alfarma ba. Surukinsa ya taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce ta tamfol ɗin kawai, da ya sani da akwatin ƙarfe ya nema.

Yanzu yana gidan babbar 'yarsa, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Idonsa ɗaya ya yi rauni, ƙafa kuma sai da sanda. Yana dafa abincinsa da kansa a ƙaramin risho, bai ƙara hawa jirgin ruwa ba.