Ranar da na hana Baba dangwala wa Wakili

Har yau idan aka fara maganar zaɓe a majalisar shayi, tashi nake yi in ba su wuri. Abokaina suna tsammanin siyasa ce na tsana. Su yi ta tsammaninsu, ni na san abin da ke cina.

Garinmu ƙauye ne kusa da Badarawa, gero da dawa muke nomawa tun kaka da kakanni. A da, lokacin da majalisar ƙasa take Ikko, mu da mutanen Ƙaura da na wajen Zurmi mutum ɗaya muke turawa ya wakilce mu. Baba bai taɓa kiran mutumin da sunansa ba, Wakili kawai yake ce masa. Shekarar da na ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai, aka kafe sunaye babu nawa. Baba ya ɗauki buzunsa ya tafi Ƙaura, ya zauna a zauren Wakili kwana biyu. A rana ta uku mutumin ya sa mu a motarsa, da ni da Baba, ya kai mu makarantar da kansa, bai bar wurin ba sai da ya ga an rubuta sunana. A bakin ƙofar makarantar Baba ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Wallahi tallahi, duk rad da kat tsaya zaɓe, in ina da rai sai na dangwala maka." Wakili ya yi dariya ya shige mota. Ina jin kafin ya kai kasuwa ya manta.

Baba kuwa bai manta ba. Sojoji suka zo suka rufe majalisa, suka daɗe abinsu. Aka yanke mana jiha daga Sakkwato, muka zama 'yan Zamfara. A cikin wannan yanke-yanken ne mazaɓarmu ta dā ta tashi aiki, Ƙaura ta yi nata gefe, mu aka haɗa mu da Shinkafi da Zurmi. Ni na sani, don malami ne ni, ina jin rediyo. Baba ko a jikinsa, shi dai ya san hanyar Ƙaura ba ta gusa ba.

Da aka dawo mulkin farar hula Wakili bai fito zaɓen farko ba. Sai a na biyu, lokacin Shari'a ta kankama, kowane wa'azi maganar amana da alkawari ake yi, muka ji tsoho ya fito neman kujerarsa, amma a ɓangaren Ƙaura. Na je gida na zaunar da Baba na yi masa bayani dalla-dalla: katinsa na garinmu ne, ko ya dangwala wa jam'iyyar Wakili a nan, wani mutum daban zai samu ƙuri'ar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To kai ina anka kai ka aikin zaɓen?" Na ce wani ƙauye kusa da Ɗan Isa. Ya ce, "Ƙasar Ƙaura ke nan." Na ce e. Ya ce, "Madalla." Ni da wautata na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar zaɓe ba a barin mota ta yi yawo. Ashe tun jajibere Baba ya hau motar kasuwa ya kwana Ƙaura wajen wata ƙanwarsa, da asuba ya kama hanya a ƙasa. Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, ga ciwon gwiwa, ga zafin bazara. Muna ƙarƙashin wata bishiyar bedi a filin firamare, ni ne shugaban rumfa, rajista a gabana, wakilan jam'iyyu sun zagaye teburin kamar ƙudaje a kan rake. Na ɗaga kai in kira na gaba, sai ga Baba tsaye, ya sa farar rigarsa ta Idi, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya miƙo mini kati yana murmushi.

Innalillahi! Na tashi na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya kawo ka nan?"

"Mi ya kawo kowa? Ba ni takardar in dangwala in tahi."

Na buɗe rajista ina dubawa, alhali na san babu. Na bi ta shafi-shafi har ƙarshe, na sake dawowa farko, ina roƙon Allah Ya sa wani magatakarda ya yi kuskure ya jefa sunansa ciki. Babu. Wakilin wata jam'iyya, matashi mai baƙin tabarau, ya leƙo ya karanta katin ya ce da ƙarfi, "Wannan ai na Shinkafi ne! Malam, kada ka soma." Na so in kwaɗa masa mari, amma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na ja Baba gefe, bayan aji. Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. In na ba ka takarda za su soke akwatin nan gaba ɗaya, mutanen garin nan duk su yi asarar ƙuri'unsu, ni kuma a tafi da ni."

Ya ce, "Rantsuwa niy yi. Kana tsaye, da kunnenka ka ji."

"Na ji, Baba. Amma an raba mazaɓar."

"Su sunka raba. Da Allah niy yi alkawali, ba da su ba." Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba tun ina yaro. "Guda ɗai ta. Yatsa guda. Wanga alƙalami da ka riƙe, wa ya sa maka shi a hannu? Roƙonka ni kai."

Ubana ne yake roƙona, a bayan ajin firamare, mutane suna leƙe. Na yi tunanin komai a wannan tsayuwar. Na yi tunanin in ba shi sunan wani da bai zo ba, na yi tunanin in ajiye aikin in bi shi mu tafi. Har na ce masa ni zan je in sami Wakili in gaya masa Baba ya zo da ƙafarsa. Ya ce ba gaisuwa ya yi alkawari ba. Daga can teburin ana ta kira, "Malam! Malam, layi ya tsaya!" Na zare hannuna daga nasa na ce, "Ba zan iya ba, Baba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa katin a aljihu, ya ce, "To, koma ga aikinka." Na aika masa da ruwa a kofi, aka dawo mini da shi cike. Ina zaune ina dangwala wa baƙi tawada a yatsa, ina hangensa yana ɗingishi a kan hanya har ya ɓace.

Wakili ya faɗi zaɓen, da ratar da ƙuri'a ɗaya ba za ta gyara ba. Na ɗauki wannan labari na tafi gida da shi kamar wani abin kirki, tare da buhun gero, don liman ya ce mini kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ne, kuma ma wanda aka hana ba shi da laifi. Na tarar da Baba kwance a zaure, gwiwarsa ta kumbura, leɓɓansa sun bushe. Inna ta ce kwana na biyu ke nan yana azumi, ya ce tunda rumbu ya yi ƙasa, da azumi zai biya, ta yi magana ya ƙi ji.

Na ce, "Baba, ga gero na kawo, a ciyar. Ka sha ruwa, don girman Allah, zafin nan zai kashe ka."

Ya ce, "Mai da abinka. Rantsuwata ce, ba taka ba."

Ya cika azuminsa uku na kaffara. Bayan haka ya yi shekara huɗu a duniya. Yana amsa gaisuwata, yana sa wa 'ya'yana albarka, in na kawo abu ya ce an gode. Amma bai sake roƙona komai ba. A ciwonsa na ƙarshe ina zaune dab da kansa, buta tana gefen ƙafata, ya ɗaga murya da ƙyar ya kira maƙwabcinmu ta kan katanga ya zo ya miƙa masa ruwan alwala.