Ranar da Na Sa Lauje a Riɗina

Ranar wata Juma'a ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar a firamare. Hantsi bai gama ɗagawa ba ina tsaye a bakin gonarmu da ke bayan ƙauye, can wajen Basunda, baƙar laka ta yi wa ƙafafuna takalmi, laujen kakata a hannuna, idona a kan riɗin gayaunata. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, na sama kuwa yana nan kore shar. Kakata, wadda muke kira Habboba kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu, tana zaune a kan kunya ta miƙe ƙafa tana goga asuwaki. Ta dube ni ta ce, "Amna, gonar nan taki ce, ba ta ubanki ba. Za ki yanke ko za ki bari? Duk abin da kika zaɓa na yarda, amma kafin in tashi daga nan nake so in ji."

Wanda bai taɓa noman riɗi ba zai ga tambayar ba ta kai a tsaya ana zufa a kanta ba. Dawa tana da haƙuri, ko ka yi mata jinkiri za ka same ta tsaye tana jiranka. Riɗi ba haka yake ba. In ka yanke shi da ɗanye ƙwayar ta fito a shanye ba mai, in kuma ka bar shi ya bushe a tsaye, kwanson ya buɗe baki ya zubar da ƙwayar cikin tsagar ƙasa, inda ko allura ta faɗa ba a samo ta. Tsakanin wuri da latti 'yan kwanaki ne kawai. Shi ya sa idan lokacin ya zo ƙauyenmu kan birkice, manyan motoci su riƙa sauke 'yan ƙwadago daga kasuwar Gadarif, maƙeri ya wuni yana wasa lauje, mata su ɗora tukunya tun asuba.

A gidanmu ne kaɗai ba a gaggawa, domin Babanmu mutum ne da Allah bai halicce shi da sauri ba. Ba malalaci ba ne, ya fi kowa juriyar rana a gona. Yanke shawara ce ke yi masa nauyi. Maganarsa ɗaya ce, har mun haddace ta: "Bari mu ga gobe." Jinkar ɗakinmu ta yi damina biyu tana yoyo yana tunanin ko ciyawar gabas ta fi ta yamma. Ya je sayen jaki, ya buɗe bakin kowane jaki a kasuwar ya duba haƙora, ya dawo gida da igiya kawai. A shekarar da ta gabata ma haka ya yi da riɗi. Kullum sai ya tsinko kwanso ya sa a aljihu, ya nuna wa maƙwabci, ya nuna wa mutanen masallaci, wannan ya ce ya yi, wancan ya ce da saura. Ana cikin haka iska mai zafi ta taso wata azahar, muka je muka tarar da kurciyoyi da tururuwa suna biki a gonarmu. Shekarar nan miyarmu ba ta ga mai sosai ba, kuma na ga Baba ya zauna a bakin gona yana kallon kwansunan da suka fashe, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Ni ce na gado shi, kowa ya sani. In muna 'yar gala-gala a gindin bishiyar makaranta, sai in riƙe dutse ina auna gidan da zan jefa har a kaɗa ƙararrawa. Lokacin karin kumallo ina tsayawa tsakanin mai ƙosai da mai gyaɗa, kafin in zaɓa duk sun ƙare, ƙawayena su gutsuro mini nasu suna dariya. Ɗebo ruwa a hafir, wato babban tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, aikin safe ne, amma ni sai na gama tunanin ko in fara shara ko wanke-wanke, sannan in kora jaki rana tana dukan ƙeyata. Innata takan ce, "Ke da ubanki, in aka ce ku zaɓi ƙofa a aljanna, a waje za ku kwana."

Ina jin ganin haka ne ya sa Habboba ta yanko mini wani ɗan ziri daga gefen gonarta da damina ta faɗi, ta ce duk abin da ya fito nawa ne. Ni na shuka, ni na yi noma, ni na riƙa korar awaki da hoge. Kowace yamma in na taso daga makaranta sai na biya na gaishe shi. Na riga na gama rabon amfanin a zuciyata: rabi a kai Gadarif a matse mini mai, rabi in yi kantu in kai wa 'yan ajinmu da suka daɗe suna ciyar da ni ƙosai. To ga shi riɗin ya kawo, kuma a daren jiya Baba ya ce a ƙara masa kwana biyu.

Na ce wa Habboba, "Bari in je in sake tambayar Baba." Ta cire asuwakin daga bakinta ta ce, "Ubanki yana can yana tambayar masallaci." Sai ta fara tattara mayafinta, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya za ta miƙe. Na tuna kurciyoyin bara, na tuna kantuna, ban san lokacin da na sunkuya na damƙi kara na ja lauje ba. Har yau ina jin wannan ƙarar a kunnena. Abin mamaki, da na yanke na farko sai nauyin da ke ƙirjina ya sauka, hannuna ya riƙa tafiya da kansa. Ina yanka, Habboba tana ɗaure ƙananan dammuna, muna jingina su da juna a tsaye, kai sama, don su bushe ba tare da ƙwayar ta zube ba. Ina yi ina waƙa, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na ranar ba.

Mun kusa rabi sai ga Baba da kwanso a hannu, ya zo dubawa irin tasa ta kullum. Ya tsaya turus ya ce, "Wa ya ce ki yanke?" Na ce, "Ni na ce." Habboba ta yi dariya har asuwakinta ya faɗi. Baba ya fasa kwanso ɗaya daga nawa ya duba, ya juya ya daɗe yana kallon babbar gonarsa. Na ga leɓensa ya motsa, na san maganar da ke zuwa, amma ba ta fito ba. Sai ya tuɓe jallabiyarsa ya rataye a reshe ya ce, "Halas, shi ke nan. Ruga gida ki ce wa Innarki ta ɗora babbar tukunya, gayya zan kira." Ana sallame Juma'a ya faɗa wa mutanen masallaci, ba tambayarsu ya yi ba wannan karon. Maza suka cika gonar da lauje da raha, mata suka kawo tuwon dawa da kisira, wato siririyar wainar dawa, mu yara muna kai ruwa muna tsalle tsakanin dammuna.

Ba zan ce na yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Da riɗin ya bushe muka shimfiɗa tabarma muka riƙa juya dammuna muna zazzagewa, sai na ga ƙwayar saman ta fito a shanye, da na ƙara kwana ɗaya da ta cika. Na ɓata rai, Habboba ta ce, "Wannan ɗan kaɗan da kika rasa ke kika bayar da hannunki. Na bara ƙasa ce ta ƙwace." Sauran ya ishe ni. Baba da kansa ya kai ni Gadarif, na ga raƙumi an rufe masa ido yana zagaya turmin matsar mai, na dawo rungume da kwalbata kamar jaririya. 'Yan ajinmu suka ci kantu har haƙoransu suka manne. Jinkar ɗakinmu dai ta ƙara damina ɗaya tana yoyo, Baba bai sauya gaba ɗaya ba, amma riɗinsa bai sake zuba a ƙasa ba.

Na girma, na yi aure a Khartoum, na haifi 'ya'yana a can. Da yaƙi ya tashi, maƙwabta suka riƙa cewa kwana biyu ne zai lafa, maigidana ma ya ce mu ƙara gani. Ina tsaye a tsakar gida sai na ga kamar Habboba ta dafa ƙasa za ta miƙe. Na ce masa, "Yau za mu tafi." Muka bar keken ɗinkina da gadajenmu da duk abin da ba ya shiga jaka, muka iso Gadarif da yaranmu cif, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Baba, wanda ya tsufa ya dawo cikin gari, ya tarye mu a ƙofa yana shafa kawunan jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ashe ba ki jira gobe ba." Na ce, "Ban jira ba, Baba." Ya yi murmushi ya ce, "Da ni ne, da har yanzu ina can ina tambayar masallaci."

Habboba ta daɗe da rasuwa, 'ya'yana kuma a kwalbar kanti suka san man riɗi. Amma laujenta yana nan a rataye a ɗakin Baba, kuma bana na yanko wa babbar 'yata ɗan ziri a filin da ke bayan gidan Baba ta shuka riɗi. Ganyen ƙasa ya fara rawaya. Gobe Juma'a, zan je in zauna a kan kunya in miƙe ƙafa.