"Da Sauƙi" Ta Ce, Na Yarda

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Saude, kuma har yau in na ji majinyaci ya ce "da sauƙi" sai raina ya ɓaci.

Nas ce, ita kaɗai a wani ƙaramin asibiti a Rogo, tun garin yana ƙarƙashin Karaye. Daga Zoza a zo, daga rugagen Beli a zo. Ita ce allura, ita ce karɓar haihuwa, ita ce wankin ciwo, ranar da mai shara ya tafi gona ita ce tsintsiya.

A makarantar jinya an koya musu su tambayi majinyaci yadda yake ji, su rubuta abin da ya ce. Saude ta ce wanda ya tsara darasin nan bai taɓa gaida mutuminmu ba. Mutuminmu ko numfashi yake ja da ƙyar, ka ce "ya jiki?" zai ce "da sauƙi, alhamdu lillahi." Farkon aikinta ta sallami wani dattijo daga Kafin Dafga a kan wannan kalma. Bai kai gida ba.

Daga nan ta sayi littafi tana rubuta tambayoyin da ke fito da gaskiya. "Baba, a tsaye ka yi asuba ko a zaune?" "Inna, wa ya tatsi shanu yau?" Shekaru ta yi tana gwada su, tana soke waɗanda ba su ci ba, tana koya wa ɗaliban da ake turo mata. Ta kwafe littafin da hannu ta aika wa manya a Kano. Ko "mun gani" ba a ce mata ba.

Ta rubuta takarda kan takarda tana neman a ƙaro mata nas, ko a ba ta hutu. Da aka ga dama aka turo jami'i. Ya sauko daga mota ya ce, "Malama, ya aiki?" Ta ce, "Da godiya, ranka ya daɗe." Ya koma ya rubuta cewa ma'aikaciya ba ta da wani ƙorafi. Bahaushe ne fa. Ya san gaisuwa, ya san amsa, ya zaɓi wadda za ta rage masa aiki. Ban yafe masa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Sai dai ni ma ban tsira ba. Na je wurinta da kaka, na tarar ƙafafunta sun kumbura, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali. Na ce, "Yaya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Auta." Na ci tuwona na hau babur. Ni da na karanta littafin nan shafi-shafi! Ranar kasuwa da hantsi hawan jini ya kayar da ita, layin mata na jiranta. A wurin zaman makoki maƙwabciyarta ta gaya mana wata guda ke nan a zaune take sallah.

Da Saude za ta leƙo yau, za ta ga an yi fenti, an kafa allo, ana ta taron bincike a kan gajiyar ma'aikatan jinya. Za ta tambaya ko mutum nawa ne a bakin aiki, a ce mata ɗaya.

Littafin ya ɓata, amma tambayoyin ba su ɓata ba. Bara na kwanta a asibiti, wata nas ta ce, "Baba, a tsaye ka yi asuba?" Na ce wa ya koya mata. Ta ce malamarsu, wadda ta yi koyon aiki a Rogo. Na dubi idanunta jajur, na ce, "Ke fa, 'yata, ya jikinki?" Ta yi murmushi ta ce da sauƙi.

Na ce, "Jawo kujera ki zauna. A tsaye kika yi taki?"