Haƙoran Kaka da Ƙofar Kura

A gidanmu na Aboabo, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye kurfotin garwashin Kaka Hasiya, uwar mahaifinmu. Tun tana budurwa fatake suka kawo ta Kumasi daga ƙasar Nijar, kuma ba a taɓa ganin bakinta ba ja ba. Goro da furen taba take gogawa a haƙora, adon matan zamaninta ke nan. Wannan jan ne ya cuce mu, don ya ɓoye jinin da dasashinta yake yi.

Ni na fara ganewa, saboda ni nake maƙale mata kamar kaska. Tatsuniyarta ta gajarce, numfashinta ya canza, ga shi tana tauna goro da gefe ɗaya. Da mahaifiyata ta matsa ta buɗe bakin, sai ga dasashi ya kumbura suntum, haƙora biyu suna girgiɗi.

Ƙarshen 1969 ne, lokacin da aka ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. Maƙwabta suna ta ɗaure kaya, kowa yana tsoron leƙa wajen zango. Kaka kuwa ba ta da wata takarda. Baffa Sule, ƙanen mahaifinmu, ya ce, "Inna, asibiti yanzu akwai hatsari. Bari in kira wanzami ya cire su a gida."

"Ya cire na uwarsa," in ji Kaka. "Ni za a mayar mai shan koko har in mutu?"

Daren nan ta riƙe kumatu, ta gyara garwashi, ta ce, "To, ga tatsuniya nan ta iso, ku matsa mata wuri."

Wai wata tsohuwar akuya ce bakinta ya ruɓe da ciwo. Mai magani yana hayin rafi, hanyar kuma ta ƙofar kura ta bi. Sauran awaki suka ce ta zauna su fasa mata haƙoran da dutse. Akuya ta ce, "In na zauna ba haƙori, yunwa ta kashe ni a ɗaki. Gara in mutu a hanya ina tafiya." Da rana tsaka ta fita, ta bi ta ƙofar kura tana taku ɗai-ɗai, ko waige ba ta yi. Kura ta leƙo ta ce a ranta, akuyar da take wuce ƙofata haka, lalle akwai wani babba a bayanta. Sai ta ja ƙofa ta rufe.

"Tatsuniya ta koma gidansu," in ji Kaka, tana hararar Baffa Sule. "Ku tashi ku kwanta."

Da safe ta ɗaura zanenta na salla, ta yafa babban mayafi, ta kama hannuna. Muka wuce 'yan sanda biyu a bakin titi. Kaka har gaishe su ta yi da Turancinta na kasuwa.

Likitan haƙori ya duba ya girgiza kai. "Mame, kin bari ya daɗe paa," in ji shi, wato ya daɗe sosai. Ya sa wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran, jini yana zuba, Kaka ta damƙe hannun kujera. Haƙori ɗaya ya riga ya tafi, dole ya cire shi, ɗayan ya ce zai tsaya. Ya ce ta riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, ta yi asuwaki a hankali safe da yamma, ta bar fure.

"Fure na bar maka," ta ce. "Goro kuwa sai dai ka bi ni kabari ka karɓa."

Babu wanda ya tambaye ta takarda. Cikin 'yan makonni kumburin ya saɓe, muka yi ta tsokanarta da fararen haƙoranta, tana korarmu da mafici. A Kumasi ta rasu bayan shekaru, tana tauna namanta da kanta.

Na girma ina ɗauka Kaka ba ta san tsoro ba. Sai ranar da nake jan ƙafa wajen kai 'yata asibiti, ita ma dasashinta yana jini, mahaifiyata ta ce, "Kin san me ke ƙarƙashin mayafin kakarki ranar nan?" Ashe ƙulli ta ɗaure a ƙugu, zane ɗaya da carbi da goro, ko da za a ɗora ta a mota daga can. Ta kuma yi wa mahaifina wasiyya tun da asuba.

Na zauna na yi kuka, don sai a ranar na gane akuyar nan ta san sarai babu kowa a bayanta. Na share hawaye, na ce wa yarinyar ta ɗauko takalminta.