Na Sha Ruwa da Kunun da Na Zuba wa Rairayi

A da ni ɗan dako ne a wata magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a Diffa. Mu ke loda buhunan hatsin taimako zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Sayam Forage. A lokacin da gumina nake ci, ba a taɓa kirana ɓarawo ba.

Da tsintar hatsin buhun da ya yage na fara. Daga baya na koyi farke ɗinki, in kwashi tiya biyu, in cike gurbin da rairayin kogin Komadugu, in ɗinke. Nauyi ya cika, ba mai tambaya.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, azumi bai taɓa wuce ni ba. Ni ne mai zagin wanda na gani yana kurɓar ruwa a ɓoye. Kai, ban ga munafuki irina ba!

Wata rana a cikin azumi motarmu ta lalace a sansanin, magariba ta riske mu. Wata tsohuwa da ta gudo daga Najeriya da jikokinta uku ta kira mu shan ruwa. Ta miƙo mini kunu. Kurɓar farko, rairayi ya yi ƙaras a haƙorina.

Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Sau uku na rege hatsin. Buhun da aka ba mu haɗe yake da ƙasa, da shi za mu kai ƙarshen wata. Ko wanda ya zuba ta yana azumi?"

Na ce, "Allah ya isa, Iya." Da bakina na faɗa, na shanye kunun.

Kuma ban daina ba. Sai da jandarmomi suka kama ni da allurar ɗinki a hannu. A gidan kaso na yi azumi biyu, can na san yunwar da kiran magariba ba ya kashewa. Ita ce jikokin tsohuwar suka kwana da ita saboda ni.

Da aka sake ni, na tafi Sayam neman gafararta. Maƙwabciyarta ta nuna mini kabarinta. Na tuba ga Allah, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Samari, an sa mu azumi ne don cikinmu ya ji abin da cikin wani ke ji. Ku ji, ku janye hannunku tun mai haƙƙin yana raye. Ni kam, wadda zan roƙa ta mutu.