Karen da Ba Na Gadi Ba

Ni ban taso da son kare ba, kada wani ya ɗauka haka. A gidanmu na Kano, ko gifta ƙofar zaure kare ya yi sai an raka shi da a'uziyya. Amma sai ga ni, uwar yara biyu, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya, tsaye gaban wani mai walda a Gwarinpa ina gwada masa faɗin ɗakin kare da hannuwana, shi kuwa yana ta kallon hijabina.

Abin ya samo asali ne daga rasuwar mijina. A shekarun nan ne da soja suka koma bariki, Abuja ta rikice da gine-gine, wayar salula ta shigo har mai wankin takalmi yana da tasa. Gwamnati ta fara sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, mu ma Allah ya ba mu namu. Ɗan madaidaici ne, da fili a baya, da mangwaron da mijina ya dasa da hannunsa. Bai sha 'ya'yansa ba. Ciwo ne gajere, Allah ya karɓi abinsa.

Duk wadda ta yi takaba ta san yadda ake yi. Kina zaune a kan tabarma kai a sunkuye, mutane suna shigowa suna fita suna yanka miki rayuwa kamar yadi. Wannan ta ce a sayar da mota, wancan ya ce a canza wa yara makaranta. Na yi shiru, saboda lokacin shiru ne. Ranar da na fita takaba Yayana ya zo daga Kano. Shi ne babba a ɗakinmu, tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce ake bi, kuma ba zan ɓoye ba, yana ƙaunata. Irin ƙaunar nan ce dai da ba ta tambayar mutum me yake so.

Ya ce, "Da zarar yara sun yi dogon hutu zan zo da mota. Gidan a zuba 'yan haya."

Na ce, "Yaya, aikina fa?"

"Sai a nemi canji zuwa Kano. Gida ba namiji, wa zai tsare ku? Ba zan zuba ido a ce ƙanwata tana zaman kanta a Abuja ba."

Zaman kanta. Ya san abin da kalmar take nufi a bakin Bahaushe, ni ma na sani. Ko kayan takaba ban gama ninkewa ba, an riga an ajiye mini suna.

Na ce, "In tsaro ne damuwar, kare zan saya."

Ya yi dariya, ya ɗauka zafin rai ne. Ni ma a lokacin zafin ran ne. Amma magana zarar bunu ce. 'Yata, wadda take aji ɗaya a sakandare, tana bayan labule ta ji, ta kai wa ƙanenta. Yaran nan da suka yi watanni ba a jin motsinsu, sai ga su suna musu a kan wa zai riƙa ba shi abinci. Tun rasuwar ubansu ban ji sun ɗaga murya ba sai ranar.

A ofis na fara bincike. Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani tsohon soja a bayan Karshi da yake kiwon irin karnukan nan na Turawa da ake kira rotwaila. Wata Asabar na kwashi yaran muka tafi. Da uwar karnukan ta miƙe tsaye sai da na ja da baya. Baƙa ce wuluk, ƙirji kamar turmi, da ja-ja a ƙafafu da baki, da ɗigo biyu a saman idanu. Ba ta yi haushi ba. Kallona kawai ta yi, irin kallon da babbar ma'aikaciya take yi wa wanda ya shigo ofis ba sallama.

Tsohon sojan ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da irin Hausarsa ta bariki, "Hajiya, kai ne za ka riƙe shi, ko oga?"

Na ce, "Ni ce ogan."

Ya gyaɗa kai, amma bai yi saurin yarda ba. Ya ce 'ya'yan ba su isa yaye ba, kuma ko sun isa ba zai ba ni ba sai na shirya. Sai an yi masa ɗaki mai inuwa, an toshe duk inda katanga ta yi rami, an samo likitan dabbobi da zai yi masa allurai. Sai an riƙa fita da shi yawo kullum, an koya masa zauna da tsaya tun yana ƙarami, don in ya girma ba mai iya jan sa da ƙarfi.

Ya ce, "Kuma ka ji wannan da kyau, madam. In ka ɗaure shi a bayan gida kamar akuya, mugu zai zama. Wannan kare yana son mutane. Dole ya zauna da yara, ya san su nasa ne."

Yana cikin magana sai na ji ana jan gefen hijabina. Wani ɗan kwikwiyo ne, dunƙulalle, ya kafa haƙora ya turje. Na ja, ya ja. Ɗana ya fashe da dariya har da zama a ƙasa. Na dubi abin nan da bai kai butar shayi ba yana gurnani wai shi ba zai saki ba, na ce a raina, to, halinmu ɗaya. Na ce da tsohon sojan wannan nake so.

Daga nan shiri ya kankama. Mai walda ya haɗa ɗaki a gindin mangwaro. Birkila ya toshe katanga. Na shiga kasuwar Wuse neman kwanuka masu nauyi da ba za a kifar ba, na tsaya wurin wani Bakano da na saba sayen kaya a hannunsa.

Ya ce, "Hajiya, ga masu fure, sun fi kyau a gaban baƙi."

Na ce, "Na kare ne."

Ya yi a'uziyya har sau biyu, sannan ya naɗe mini su a jarida, bai kuma rage ko sisi ba.

Ban yi wasa da addinina ba, kuma ba na son a faɗa mini na yi. Na je wurin malamin Islamiyyarmu na tambaya. Ya yi mini bayani a natse, inda malamai suka haɗu da inda suka saɓa, da batun yawu da wanke ƙwarya, da rangwamen da aka yi wa kare na gadi da na farauta da na kiwo. Na dawo na kafa doka. Ba zai shiga falo ba, ba zai taka inda muke salla ba, kwanonsa daban, bokitinsa daban, wanda ya taɓa shi ya wanke hannu. Tsakar gida kuwa tasa ce da yara.

Kafin mako ya zagayo labari ya isa Kano. Maƙwabtana da ko ruwa ba su taɓa aiko mini ba, su ne suka fi kowa sanin lambar wayar danginmu. Yaya ya kira.

Ya ce, "Ashe da gaske kike. Kuma baƙi, mai ɗigo biyu a ido, wanda aka fi tsoratarwa a kansa! To ki amsa mini abu ɗaya. Karen nan na gadi ne?"

Na buɗe baki zan ce e, sai na hango inda ya dosa.

Ya ci gaba, "In na gadi ne, kin yarda da bakinki gidan ba lafiya, sai ki tattara. In kuma ba na gadi ba ne, to me ya halatta miki shi?"

Gaba kura, baya sayaki. Yaya tun muna yara haka yake, sai ya rufe ƙofa biyu sannan ya tambaye ka ta ina za ka fita. Da na ga dama da na yi masa kwana-kwana. Amma na gaji da neman izinin zama a gidan da sunana yake jikin takardarsa.

Na ce, "Yaya, in ya girma ɓarawo ya hauro, zai gane kurensa, wannan tsakanina da malamina mun gama. Amma ba don tsoro nake sayen sa ba, kuma ba da shi na dogara ba. Gidana ne, aikina yana nan, kabarin uban yaran nan yana nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya kashe wayar. Ni kuwa wallahi daɗi na ji.

Sai ya turo mini wadda ya san ba zan iya ɗaga wa murya ba. Inna, mahaifiyarmu, ta sauka ana sauran 'yan kwanaki a ɗauko kwikwiyon. Wannan kam na ji tsoro. Da Inna ta ce in tattara, da na tattara, ko da zan yi ta kuka har Zariya.

Ta ci abinci, ta yi la'asar, sannan ta ce in kai ta ta ga ɗakin. Ta zagaya shi da carbinta a hannu, ta ƙwanƙwasa rufin, ta leƙa ciki.

Ta ce, "Ya fi ɗakin da aka ba ni a gidan baffanku kyau."

Na san bayan rasuwar Baba an kwashe mu zuwa gidan ƙanensa, amma ban taɓa jin ta ambaci zaman ba, ko da wasa.

Ta zauna a kan kujera a gindin mangwaron ta ce, "Ke 'yar nan, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni ba na kwana gida da kare. Ban saba ba, kuma ba yanzu zan saba ba. In na zo zan wuni, in kwana gidan 'yar ƙanwata a Kubwa."

Wannan ta soke ni. Inna ce take zuwa ta yi mana wata guda, ita take yi wa 'yata kitso, ita take tashe mu da asuba. Na ga abin da zan biya, kuma ya yi mini tsada. Hawaye ya zubo mini, amma ban ce na fasa ba. Ita ma ba ta ce in fasa ba.

Can sai ta ce, "Wane suna za ku sa masa?"

Na faɗa mata wanda yaran suka tsinto a talabijin. Ta taɓe baki.

"Haka ake raɗa wa kare suna? Kakanku na wajena mafarauci ne, karnukansa sun fi goma. Bahaushe ba ya sa wa kare suna a banza. Abin da ba ka iya faɗa wa mutum a ido, shi kake sa wa karenka, kullum ka kira shi a gaban kowa, ba mai cewa ka yi rashin kunya. Yana da Bar-su, yana da Ta-Allah-ba-taku-ba." Ta ja carbi ɗaya, biyu, ba ta dube ni ba. "Ni da a ce an bar ni na yi kare a lokacin, Muna-nan zan sa masa."

Washegari ta koma. Abin da ta faɗa wa Yaya kawai, wai ta gaya mini abin da za ta gaya mini. Shi kuma ya fassara yadda ya so.

Muka ɗauko shi a kwali, ya yi mana fitsari a kujerar mota tun kafin mu bar Karshi. Ya cinye takalmin makarantar ɗana, ya tone mini shukar alayyafo, ya koyi zauna, ya ƙi koyon tsaya. Kullum da yamma in na dawo daga aiki sai in tsaya a bakin get in kira shi da ƙarfi, yadda duk layin zai ji. Maƙwabciyata mai kai rahoto ta daina leƙowa ta taga.

Da aka yi dogon hutu Yaya ya cika alkawari. Wata Asabar da hantsi na ji tsayuwar babbar mota a ƙofar gida, irin ta kwasar kaya. Ya buga get. 'Yata ta buɗe ƙaramar ƙofa don ta gaishe shi, kwikwiyon ya kutsa ta tsakanin ƙafafunta ya yi waje, ya nufi bakin babbar rigar Yaya kai tsaye.

Yaran suka bi shi a guje suna ihu, "Muna-nan! Muna-nan!"

Yaya ya tsaya cak, ya tattare riga. Ya dubi yaran, ya dube ni ina tsaye a baranda, hannuna duk garin tuwo.

Ya ce, "Ke kika koya musu su yi mini wannan amsar?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ba da kai suke ba, sunan karen ke nan."

"Wa ya sa masa?"

"Inna."

Ya daɗe yana kallon abin nan da ya kafa haƙora a gefen rigarsa ya ƙi saki. Sannan ya juya ya ce da direban ya kashe motar, ya nemi inda zai ci abinci, babu kayan da za a ɗauka. Bai shigo ba ranar. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, a nan ya ci tuwon.