Tsarabar Hajiya Talatu daga kan dutse

Ina juyowa na ga maƙwabciyata Hajiya Talatu a durƙushe, tana tumɓuke furanni tana cusawa a jaka.

A ƙolin dutse fa muke, can wajen Zungur, mun hau muna haki da sunan motsa jiki. Ƙasar wurin ba ta kai kaurin waina ba, saiwoyin 'yan furannin nan ne kaɗai ke riƙe da ita. Duk abin da na karanta kan zaizayar ƙasa ya faɗo min a rai.

Na ce, "Hajiya, me suka yi miki?"

Ta ce, "Tsaraba mana! In koma wa jikokina hannu rabbana, kamar wadda aka koro?"

Na ce, "In kowa ya yi irin tsarabarki, baɗi dutsen nan zai koma kamar sanƙon kan Alhajinki!"

Sai da na tsaya a kanta ta mayar da furannin cikin ƙasa, na juye musu sauran ruwana. Jakar kuwa na cika mata da ledojin fiya wata da wasu suka watsar.

Muna isa gida jikokin suka yi wa jakar wawa.

Har yau ba ta amsa gaisuwata. Tsakani da Allah jama'a, wai ni ce mai laifin?